Don Allah ina talaka zai je ya karanta doka da kan shi a Zariya?

Ɗan Ƙofar Doka:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman wanda zai haska min hanya. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a cikin gari, mu bakwai ne da iyayenmu mata biyu, ba a raba gado ba har yau saboda duk muna ciki kuma ba wanda ya matsa a raba. Kwanan nan kawai sai ga wani bawan Allah da mai awo, wai yayanmu ya sayar mashi da kason shi, ɗakuna biyu na kusa da zaure, har ya biya kuɗi an yi takarda, mu ba wanda ya sani, su Inna ma a bakin maƙwabta suka ji.

Tun daga ranar kowa da abin da yake faɗa mana. Wani ya ce cinikin bai yi ba, wani ya ce ai tunda ba mu da C of O, wato satifiket ɗin fili da gwamnati take bayarwa, gidan ma na gwamnati ne mu yi shiru kar mu tono wa kanmu, wani kuma ya turo min rubutu a WhatsApp wai Kotun Ƙoli ta ce duk wanda ya biya kuɗi ya karɓi takarda to magana ta ƙare. Wallahi kaina ya ɗau zafi. Ni tela ne, na gama sakandare, ina karanta Turanci daidai gwargwado, kuma ba wai ina gudun lauya ba ne, so nake kafin in je gaban lauya ko alƙali in san abin da doka ta ce da idona kar a yi ta juya ni. Shin akwai laburare a nan Zariya da mutum irina da ba ɗalibi ba zai shiga ya ce a ba shi littafin doka ya karanta? In kuma a waya ne, wane shafi ne na gaskiya? Kuma ta yaya mutum zai gane labarin hukuncin kotu da ake yaɗawa gaskiya ne ko ƙarya? Allah ya saka da alheri.

Ɗalibar Kongo:

Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ni ɗaliba ce a tsangayar shari'a, ba lauya ba ce tukuna, amma bari in faɗi abin da na sani. Littattafan doka dai a garin nan inda suka fi taruwa Kongo ne, don nan tsangayar shari'a ta ABU take da laburarenta, ga laburaren Kennedy, ga kuma cibiyar nazarin shari'ar Musulunci duk a harabar. Babban laburaren Kashim Ibrahim kuma yana Samaru. Sai dai ka san laburaren jami'a don ɗalibai da malamai aka yi shi, wanda ya zo daga waje yakan rubuta takardar neman izini ne zuwa ga shugaban laburare ya faɗi abin da ya kawo shi.

Amma kafin ka kashe kuɗin Keke, wayarka ma za ta yi maka rabin aikin. Ka nemi NigeriaLII, kyauta ne, akwai dokoki da hukunce-hukuncen manyan kotuna. Shafin PLAC ma yana da kundin dokokin tarayya na 2004 wanda ake ce wa LFN. LawPavilion shi lauyoyi suka fi amfani da shi amma na kuɗi ne.

Maganar C of O kuwa kar ta tsorata ka. Ka sauke Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ba ta da tsawo sosai. Sashe na 1 ya ce ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana don amfanin 'yan Najeriya, to nan mutane suke tsayawa su ce komai na gwamnati ne. Ka wuce zuwa sashe na 34 ka gani, wanda yake riƙe da ginannen wuri a birni tun kafin dokar ta fara aiki, ana ɗaukar shi kamar gwamna ya riga ya ba shi haƙƙin zama. Gidajen cikin ganuwa nawa ne suke da satifiket? Kuma ba a ce masu su baƙi ba ne. Yin takardar a KADGIS, hukumar da ke rajistar filaye a Jihar Kaduna, yana da kyau sosai don gaba, amma rashinta bai mayar da ku marasa gida ba.

Abu Hanif PZ:

Malam ni shawarata ka bar wahalar da kanka. Turancin doka ba irin na sakandare ba ne, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi, za ka karanta ka fahimci wani abu daban ka je kotu ka kwafsa. Ku tara kuɗi ku bakwai, ko in ce ku shida, ku ɗau lauya kawai. Ko kuma ku kai wa mai unguwa da limami su zaunar da yayan naku, zumunci ya fi ɗaki biyu.

Tsohon Rajistara:

Ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinku. Na yi aikin kotu har na yi ritaya, kuma ban yarda da Abu Hanif a kan cewa kar ka karanta ba, duk da maganar shi ta sulhu gaskiya ce kuma da ita ya kamata a fara. Abin da na gani a aiki shi ne, mutumin da ya zo ya san sunan abin da yake nema, ko alƙali ya fi jin daɗin sauraron shi. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ba da labari tun daga rasuwar kakan shi, a ƙarshe a tambaye shi to me kake so kotu ta yi maka, ya yi shiru.

Abin da kake nema sunan shi shuf'a, kuma ba a littafin Turanci yake ba, yana cikin littattafan Malikiyya da kotunan shari'armu suke aiki da su, Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfa. Ma'anarta, idan mutane sun yi tarayya a gida ko gona ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kason shi ga bare, to sauran suna da haƙƙin su biya wannan baren kuɗin da ya biya su karɓi kason. Ka lura da kyau, kuɗin da ya biya, ba wanda ku kuka ga dama ba. Sharuɗɗanta kuma su ne inda mutane suke faɗuwa. A Malikiyya shuf'a tana kan abin da ba a raba ba ne, in an riga an raba an ja iyaka to babu, maƙwabci ma ba shi da ita. Sannan wanda yake gari ya ji labarin ciniki ya yi shiru har shekara ta zagayo, haƙƙin shi ya faɗi. Wanda ba ya gari shi yana nan kan haƙƙin shi har ya dawo. Saboda haka kar ku zauna kuna jiran a ga abin da Allah zai yi, ku rubuta ranar da kuka ji labari, ku sa shaidu cewa kun nuna ba ku yarda ba.

Wani abin kuma, yayanku ta ina ya san waɗannan ɗakuna biyun su ne nashi? Kafin rabo kowane magaji kason shi yana yawo ne a cikin gidan duka. Iyayenku mata biyu suna da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, su raba tsakaninsu tunda akwai 'ya'ya, sauran kuma namiji rabon mata biyu, bayan an fitar da bashi da wasiyya in akwai. Sai an yi wa gidan ƙima an fitar da wannan lissafin kafin a ce wane ɗaki ya faɗa wa wane.

Risala kuwa ba sai ka je jami'a ba. Kana Zariya fa. Akwai fassararta da Hausa wajen masu sayar da littattafan addini, kuma ga malaman zaure a Kona da Juma da sauran unguwanni, ka ɗauki littafin ka je ka ce Malam a biya min babin shuf'a, zama ɗaya ya isa. Ka roƙa a haɗa maka da maganar hauzi, wato daɗewa ana riƙe da wuri, don ita ma tana cin mutane. Bare ya riƙe gida shekara 10 mai shi yana gari yana gani bai ce komai ba, to da'awar shi ta yi rauni ƙwarai, tsakanin dangi ne wa'adin ya fi haka tsawo nesa.

Game da labarin WhatsApp, ka riƙe wannan. Hukuncin kotu yana da sunan masu shari'a, da lambar ƙara, da kotun da ta yanke, da rana. Duk rubutun da ya ce "kotu ta ce" bai kawo waɗannan ba, ka ajiye shi gefe. In shari'ar taka ce, ka je rajista ka nemi kwafi mai hatimi wanda ake ce wa CTC, ka biya kuɗin gwamnati ka karɓi rasit. Shi ne kotu take ganewa, ba hoton takarda da aka ɗauka da waya ba.

Maman Laburare:

Sannu Malam, Allah ya ba ku haƙuri. Ni aikin laburare nake yi kuma tambayarka ta taɓa ni, don abin da ya daɗe yana damuna ke nan. Garin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 don talaka ya karanta labari da harshen shi, garin da yake yaye lauyoyi da alƙalai duk shekara, a ce tela yana tambaya ina zai je ya ga dokar da ake mulkin shi da ita. A wasu ƙasashe irin Amurka akwai laburaren doka na jama'a a ƙananan hukumomi da yawa, galibi a cikin ginin kotu ko kusa da shi, kowa ya shiga, ma'aikaci ya nuna maka inda littafi yake da yadda ake nema, iyaka dai ba zai ba ka shawarar lauya ba. Mu ma abin da muke buƙata ke nan, ɗaki guda da kwamfuta biyu da mutum ɗaya mai haƙuri da jama'a, da taƙaitaccen bayanin dokokin gado da haya da fili da beli cikin Hausa. Ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne.

Yanzu dai ga yadda za ka yi in ka samu shiga. Kar ka ce wa ma'aikaci "ina neman littafin doka", zai rasa ta inda zai fara. Kayan wurin kashi-kashi ne. Akwai dokokin kansu, na tarayya daban na jiha daban. Akwai rahoton shari'o'i, wato hukunce-hukuncen da aka buga, mafi shahara shi ne NWLR wanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985. Akwai gazet inda gwamnati take buga sabuwar doka da sanarwa. Sai littattafan da malamai suka rubuta suna bayani, kuma ni da su nake cewa sabon shiga ya fara, ka buɗe littafin dokar ƙasa ko na gadon Musulunci ka duba jerin kalmomi na ƙarshen littafi, shi zai kai ka shafi, shafin kuma zai ba ka sunan doka da sunan shari'a.

In ka ga an rubuta abu kamar (1989) 1 NWLR (Pt. 97) 305 kar ya ruɗa ka, adireshi ne kawai. Shekara 1989, juzu'i na 1, kashi na 97, shafi na 305. Ka kwafa a takarda ka miƙa, za a ɗauko maka.

Abin da na fi jan kunnen mutane a kai shi ne shekarar bugu. Doka tana canzawa, littafin da ke ajiye a laburare ba ya canzawa. Kundin tsarin mulki na 1999 an yi mashi gyara a 2010, an sake a 2018 lokacin da aka rage shekarun tsayawa takara, an kuma yi a 2023. Jihar Kaduna ta yi sabuwar dokar hukunta laifuka, wato Final Kod, a 2017, to wanda ya ɗauko tsohuwar ta zamanin Jihar Arewa yana karanta lambar sashe ai ya sha bamban da abin da ke gaban majistare. Haka PDF ɗin da ke yawo a waya, ka duba shekara kafin ka dogara da shi.

In wata rana bincike ya kai ka Kaduna, akwai reshen Laburaren Ƙasa, akwai Gidan Arewa, akwai kuma ma'ajiyar tarihi ta ƙasa inda tsofaffin fayilolin Lardin Zazzau suke. Amma don matsalarka ta yanzu ba ka buƙatar zuwa can.

Ɗan Ƙofar Doka:

Kai, Allah ya biya ku da Aljanna. Baba Rajistara wallahi ban taɓa jin kalmar shuf'a ba sai yau, na karanta wa su Inna sun ce a yi maka godiya. Ba mu kai shekara da jin labarin ba, Alhamdu lillahi. Hajiya na gode, zan rubuta takardar izinin. Tambaya ɗaya ta rage, in sulhu ya ƙi, kotun shari'a za mu ko babbar kotu ta Dogarawa? Don mai sayen yana ta cewa shi a babbar kotu zai haɗu da mu.

Barista Sabon Gari:

Malam, tambayar nan taka ta ƙarshe ita ce wadda nake so ka kai wa lauya da takardu a hannu, don a nan ne karatun kai da kai yake tsayawa. Zan faɗi dalili. Maganar hurumi ita ce take kashe shari'o'in gida da gona a Arewa, mutum ya yi shekaru yana bin shari'a ya ci a ƙasa ya ci a sama, a zo kotun gaba a ce wadda ta saurari afil ɗin ba ta da hurumi tun farko, a rushe komai a koma baya. Ka buɗe sashe na 277 na kundin tsarin mulki, za ka ga abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take da iko a kai, aure da saki da riƙon yara da waƙafi da kyauta da wasiyya da gado. Kotun Ƙoli a shari'ar Magaji da Matari ta 2000 ta ce rikicin mallakar ƙasa zalla, wanda ba na gado ko makamancinsa ba, ba ya cikin wannan jerin. To naku yana da fuska biyu, tsakaninku da yayanku gado ne, tsakaninku da mai saye kuma ciniki ne. Yadda aka rubuta da'awa a ranar farko shi zai nuna hanyar da shari'ar za ta bi har ƙarshe, shi ya sa ba na so ka shigar da ita da ka.

Shi ma mai sayen ba a kan dutse yake tsaye ba. Adireshin da Hajiya Maman Laburare ta kawo misali da shi, shari'ar Savannah Bank da Ajilo ce, inda Kotun Ƙoli ta ce sashe na 22 da ke neman amincewar gwamna kafin a mayar da haƙƙin fili ga wani ya shafi har waɗanda suke riƙe da wurinsu tun kafin 1978. Kuma ko ya je ya yi satifiket gobe, shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 ta nuna C of O ba ya wanke mallakar da tushenta bai inganta ba. Ka nemi waɗannan ka karanta, ko taƙaitawar da ke farkon rahoton kawai.

In kuɗin lauya ne matsala, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya wadda aka kafa tun 1976 don marasa ƙarfi, tana da ofis a jiha. Tsangayar shari'a a Kongo tana da asibitin shari'a inda ɗalibai suke sauraron jama'a ƙarƙashin kulawar malamansu. Ƙungiyar lauyoyi tana da reshe a Zariya, iyayenku mata kuma za su iya tuntuɓar FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata. Ranar da za ka, ka tafi da sunayen magada duka, da ranar rasuwa, da kwafin takardar cinikin in za ka samu, da sunayen waɗanda suka sa hannu a matsayin shaidu.

Abu biyu zan ƙara. In wani ya ce zai sa 'yan sanda su kama ku a kan wannan, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin ciniki ko saɓa alƙawari zalla, ta kuma hana kama wani a madadin wani, amma ku ma kar ku taɓa mutumin ko kayan shi, kar ku rushe komai, don daga nan ne magana take komawa ta laifi. Na biyu, na ga matasa suna tambayar ChatGPT shari'a suna kwafowa. Yana iya ƙirƙiro sunan shari'ar da ba a taɓa yi ba da lambarta tsaf, a 2023 wata kotu a New York ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun shigar da irin waɗannan. Duk sunan shari'ar da ya ba ka, sai ka gan ta a NigeriaLII ko a cikin juzu'in rahoto kafin ka furta ta gaban kowa.

Tsohon Rajistara:

Barista ya gama magana. Abin da zan ƙara maka ɗana, in an zauna sulhu gaban mai unguwa kuma mai sayen ya yarda a mayar mashi da kuɗin shi, kar ku tashi sai an rubuta, kowa ya sa hannu har yayan naku, a rubuta adadin kuɗin da ranar biya da sunan wanda zai karɓa. Daga nan ku wuce kotun shari'a ku nemi a raba gadon a ba kowa takardar kason shi, ko da za ku ci gaba da zama tare a gidan. Wanda yake son sayar da nashi bayan rabo sai ya fara yi wa 'yan uwa tayi.